Mai Ɗinkin Hula da Littattafai Takwas

Ka ce aikin ya cakuɗe maka, ba ka san kansa ba balle gindinsa. To, gyara zama ka ji misali.

An yi wata mata mai ɗinkin hula, mijinta tsohon malamin makaranta ne. Yana da wasu littattafan Turanci guda takwas, labari ɗaya ne mai tsawo, na wani iyali da suka loda kayansu a keken doki suka nufi yammacin Amurka neman wurin zama, tun can ba titi ba jirgin ƙasa. Da la'asar tana ɗinki yana karatu, in ya zo wurin da ya yi masa daɗi sai ya gutsura mata da Hausa. Ana haka Allah ya yi masa rasuwa. Da ta fita takaba ta buɗe akwatinsa, sai ta tarar gara ta cinye bangayen littattafan da shafukan farko, ba suna ba lamba. Turancinta kuwa na firamare ne. Ta ɗauki ɗaya ta yi wata guda tana fama da shi, ƙamus a gefe, har aka binne wata tsohuwa a ciki. Ta ɗauki wani, sai ga matar nan ana ɗaura mata aure. Ƙaninta ya ce, “Yaya, ki ba mai ƙosai ta yi ƙunshi da su, ki hutar da idonki.” Ta ce, “A hanya muka bar mutanen nan, ni da Malam. Sai na ga inda suka sauka.”

Sai ta yi abin da ta iya. Ta ɗauko zare kala-kala, ta riƙa bin ɗan farin iyalin littafi bayan littafi. Inda yake goye ta ɗaura farin zare, inda ya fara hawan doki ja, inda ya yi gemu shuɗi. Guda biyu ta rasa wanne ke gaba, ta yi wata uku tana juya su, har ta lura a ɗaya uban yana da hannu biyu, a ɗayan saura ɗaya. Ranar da ta jera su takwas a kan tabarma, sai ta ɗauki na farko. Shafi biyu a rana, ran da ido ya yi yaji shafi ɗaya. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. A tsakiyar na bakwai ta ci karo da tsinken tsintsiya a maƙale, ta gane nan Malam ya tsaya, ashe shi ma bai ga ƙarshen ba. Ta rufe littafin, ta yi kukanta, ta yi masa addu'a. Washegari ta buɗe daidai wurin ta ci gaba, amma daga ranar a bayyane take karantawa, tana juyawa da Hausa yadda yake yi mata, har ta kai inda jikokin suka kafa gida a bakin kogi suka kwance wa dawaki sirdi.

Kai ma tashi ka nemo bakin zarenka. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.