Kaset a Buhun Shinkafa

A cikin buhun shinkafa Usta Fathi ya tsinci kaset ɗin. A jikin kwalin ga wani ƙato sanye da guntuwar fatar damisa yana lilo a bishiya, ga wata mata da kayan jikinta ba su kai hankici ba. Duk unguwar Shubra an san irin waɗannan finafinan daji na manya, waɗanda mai shagon bidiyo ke miƙowa ta ƙarƙashin tebur.

Usta bai tsaya bincike ba. Saurayi ɗaya ne a gidan, ɗansa Midhat, wanda za a je nema wa aure ranar Alhamis. Usta ya ce shi dai ba zai taka gidan mutunci ya roƙa wa ɗan iska 'yar mutane ba, an fasa. Midhat ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dishe, wai shi ko inda ake ajiye shinkafa bai sani ba.

Kaka Zakiyya, mahaifiyar Usta, tana gefe tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Dama tunda mijinta ya rasu ba ta cika magana ba. Mutumin ya yi shekaru yana aiki a wajen 'yan fim, amma ko hoto ɗaya bai bari ba, sai sandar dogarawarsa a bayan ƙofa.

Don ya kunyata yaron, Usta ya kori 'yan matan gidan ɗaki, ya cusa kaset ɗin a bidiyo. Fim ya tashi daga inda aka tsaya. Babu ƙaton, babu matar. Wani goggon biri ne kawai yake ratsa daji a hankali, ya tsaya, ya sosa ƙeya. Wajen har ya yi zane-zane saboda yawan maimaitawa.

"Baba, yanzu a kan biri za a hana ni aure?" in ji Midhat.

Usta ya zaro kaset ɗin, ya ajiye a ƙasa, ya ɗauko taɓaryar ƙarfe.

Kaka Zakiyya ta ture farantin wake.

"Ajiye wannan, Fathi, ka je ka nemo wa yaro matarsa. Mayar mini da kayana ka kunna, ka dubi yadda yake jan ƙafar hagun nan da kyau. Uban naka ne a cikin rigar biri ba ka gane ba?"