Salak ɗin Tsohon Kuku

Da ƙarfe goma sha biyu daidai mai neman aikin ya ɗaura farin ƙyalle a ƙugu, ya tsaya gaban teburin kicin. Tsohon kuwa yana zaune a keken guragu, yana dubansa irin duban da alƙali kan yi wa wanda ya riga ya yanke wa hukunci.

Wajibi ne a san ko wane ne wannan tsoho. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana jagorantar kicin ɗin wani babban otal, har ta kai masu otal ɗin da kansu Shugaba suke ce masa. Yanzu ƙafa ta gaza, amma harshe yana nan daram. Kwana biyu ke nan bai sa komai a bakinsa ba, likita kuma ya yi magana ɗaya: idan la'asar ta yi bai ci ba, za a mayar da shi asibiti a zura masa roba ta hanci. Nas ɗin da ke jinyarsa tana tsaye bakin ƙofa, idonta a kan agogo.

"Kai ne na uku a makon nan," in ji Shugaba. "Duk kamarku ɗaya, ga furfura, babu sana'a. Ba ci zan yi ba, kada ka ruɗi kanka. Haɗa salak in ga iyakarka."

"To, ranka ya daɗe."

Rana ce ta tsananin zafi, fanka tana juya iska mai ɗumi. Mutumin ya jawo aljihun tebur na biyu, ya zaro wuƙa, ya jera latas da kokwamba da mangwaro da ɓarin kankana. Sa'an nan ya aikata abin da ko ɗan koyo na makon farko ba zai aikata ba: ya ɗora wuƙa a kan latas.

"Tsaya! Ganye kake yanka ko rago? Da hannu ake yagarsa, sakarai! Miƙo nan."

Tsohon ya fizgi ganyen da aka yanka, ya tauna, ya yamutsa fuska. Ya yagi wani da yatsunsa, ya tauna shi ma, domin ya tabbatar wa duniya bambancin.

Mangwaron ya fito gunduwa-gunduwa, wani kamar kan yatsa, wani kamar dunƙulen hannu. Shugaba ya ɗauki babba ya ce wannan na doki ne, ya ɗauki ƙarami ya ce wannan na tsuntsu ne, ya hallaka su duka biyu a bakinsa don kada su ɓata masa kwano. Kankana ma ba ta tsira ba, domin an bar 'ya'yanta a ciki.

"Wane jaki ne ya koya maka girki?"

Mutumin ya ture kankanar gefe, ya jawo kofi.

Sai aka zo kan mahaɗin, wato ruwan da ake zubawa a kan ganyen, wanda a nan ne ake bambance kuku da mai wanke kwano. Ka'idarsa sananniya ce ga duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Shugaba: a narkar da gishiri cikin ruwan lemon tsami tukuna, a sa zuma, sa'an nan a riƙa ɗiga man zaitun ana kaɗawa. Mai neman aikin ya tuttula man da farko, ya watsa gishiri a kai. Gishirin ya kwanta a gindin kofi, ya ƙi narkewa.

Tsohon ya buga hannun kekensa har nas ta zabura.

"Yashi! Yashi za ka ba mutane!" Ya tsoma kokwamba, ya ci, ya tofar da rabi. "Sake!"

Aka sake, tsami ya yi yawa. Aka sake, zuma ta rinjaya. Kowane karo sai Shugaba ya cika cokali da ganye da mangwaro ya gwada, domin a ra'ayinsa jahili ne kaɗai ke ɗanɗana mahaɗi shi kaɗai.

"Ina da ɗa," in ji shi, yana tauna. "Da hannun nan na koya masa. Yau otal-otal rububinsa suke yi. Ya yi girma, ya manta hanyar gidan nan, Allah ya isa tsakanina da shi. Amma ko barci yake yi ba zai haɗa wannan ƙazanta ba."

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da kaɗawa.

A karo na biyar tsohon ya daɗe yana tauna. Ya kai cokali ya ji ƙarar kwano, domin babu sauran abin ɗiba.

"Ba ka ci jarrabawa ba," ya ce. "Kwance ƙyallen nan ka fita. Kada in sake ganin ƙeyarka."

"Na gode, ranka ya daɗe."

A baranda nas ta tarar da shi ya jingina da bango, idanunsa sun kaɗa.

"Kwano guda cur," ta ce da murya ƙasa-ƙasa. "Zan gaya wa likita a bar maganar roba. Amma, Yallaɓai, zagin nan fa?"

"In na yi daidai ba ya taɓawa. Sai na ɓata yake ci, shi ma ba kullum ba." Ya dubi agogonsa, domin kuku talatin suna jiransa a otal. "Gobe zan manta da gishirin gaba ɗaya."

Ya ninke ƙyallen ya miƙa mata. Shekara uku ke nan, kullum da tsakar rana, yana zuwa neman aiki a gidan mahaifinsa, wanda ya daina gane shi.