Manomin da Ya Narkar da Makullinsa

Daina buga mini tebur kana cewa adireshin asusun naka ne, don haka kuɗin intanet na kirifto da ke cikinsa naka ne. Zauna ka ji misali.

A wata ƙasa, duk mai jiran saƙo daga nesa sai ya je maƙera a ƙera masa makulli, a fitar masa da 'yar alama daga jikin makullin. Alamar yake ba mutane. Mai aiko kaya ya nuna wa maƙerin garinsu ita, shi kuma ya ƙera kwaɗon da makullin nan kaɗai ke buɗewa, a datse akwatin ƙarfe da shi, a kawo a dire tsakiyar kasuwa kowa na gani. Daga alama ana ƙera kwaɗo, amma duk gwanintar maƙeri ba ya fitar da makulli daga cikinta. To, wani manomi gara ta cinye masa iri ƙaf, ga damina ta ƙarato. Ya aika wa yayarsa da ke aure can nesa alamarsa, ta turo masa irin gero. Alamar nan kuwa ya haddace ta, ya zana a ƙofar gida, yana ta baza ta wai ɗakinsa ne a kasuwa. Ana nan bakin galmarsa ya tsage, sai gogan naka ya miƙa wa maƙeri makullin ya ce a narkar a liƙe. Maƙeri ya ja kunnensa, manomin ya ce shi alamarsa tana kansa, me zai yi da guntun ƙarfe mai tsatsa? Dubi sakarci, an saki reshe an kama ganye.

Akwati ya iso, ruwan shuka ya sauka. Manomin ya zo da buhunsa ya tsaya gaban kwaɗo yana karanto alama tiryan-tiryan, kwaɗo ko gezau. Ransa ya ɓaci, ya kawo mai unguwa, ya kawo shaidu, duk suka rantse kayansa ne. Ya ɗauko guduma ya yi ta duka har hannunsa ya saluɓe. Ya zagi yayarsa, ya zagi maƙera, ya zagi wanda ya ƙago al'adar, kansa kaɗai ya bari. Sarkin maƙera ya ce masa: "Malam, alamar nan ba ɗaki ba ce, umarni ce ga mai ƙera kwaɗo. Shi kuwa kwaɗo bai san fuska ba, bai san suna ba, makulli ya sani." Maƙwabta suka yi shuka, suka yi noman fari, shi yana zarya kasuwa yana leƙen geronsa ta tsagar murfi. Ruwa ya riƙa shiga ta tsagar nan, har geron ya tsiro a cikin akwati, ya leƙo waje kore shar, gonarsa kuwa sai ciyawa.

Yanzu gaya mini, ina ka kai naka makullin, wato lambar sirrin asusun? Hangen Dala ba shiga birni ba ne.