Jirgin 'Yan Badujala

Da 'yan badujala suka ɗaga ƙahoninsu, wani manomi da ke gefen Baffa ya taɓa shi. "Baffa, saurara. Jirgin ƙasa za su tayar da ganga da ƙaho."

Bikin nunin amfanin gona ake yi a Makarfi, Baffa kuwa saniyarsa ya kawo gasa. Ganguna suka soma a hankali, kamar jirgi na barin tasha, suka yi ta ƙara sauri. Jama'a na ta dariya, shi dai yana tsaye. Tun ranar da jirgin Kano ya bi ta kan matarsa tana koro wannan saniya daga kan layin dogo, ko ɗigon hawaye bai zubar ba.

Sai mai ƙaho ya busa kukan jirgi.

Saniyar ta fizge igiya, ta keta taro da gudu. Can ta tsaya tana kuka tana waige-waige, tana neman wadda ta kore ta ran nan.

"Baffa, hannunka!" in ji manomin.

Ya duba. Igiyar ta tsaga masa tafin hannu, jini na ɗiga. Ya jira ya ji zafi. Har jirgin 'yan badujala ya isa tasha, taro ya watse, yana nan yana jira.