Wasiƙar da Ba a Kai Ba

Masana sun ce makomar ƙasa tana hannun masu jefa ƙuri'a. A wannan karon dai tana aljihun tebur na biyu a ofishin jam'iyya, ƙarƙashin tsofaffin fastoci.

A nan akawun ofishin ya tsinci wasiƙar da safiyar Litinin, kwana biyu bayan zaɓe. Ya karanta, ya zauna, ya sake karantawa ko Allah zai sa ta canja. Ba ta canja ba.

Ga yadda aka yi. Da sanatan mazaɓar ya rasu, manyan jam'iyya suka kasa tsayar da magaji har wa'adin hukumar zaɓe ya rage awa ɗaya. Shugaban jam'iyya ya leƙo ya ce, "Kai akawu, saka wani suna na riƙon ƙwarya, mai takardun makaranta. In mun daidaita sai a musanya." Akawu ya yi da abin da ke kusa da hannunsa. Daga baya aka daidaita a kan Mai Tankoki, attajirin da ba a cika yi wa gardama sau biyu ba. Aka rubuta wasiƙar musanya suna, aka ba akawu ya kai hukuma.

Takardar ƙuri'a kuwa alamar jam'iyya kawai take ɗauke da ita. Jerin sunaye an liƙa shi a bangon hukuma, inda akuyoyi ne kaɗai ke kula da takarda. Don haka Mai Tankoki ya shafe wata uku yana kamfe har muryarsa ta dushe, jam'iyya ta ci, shi kuma bai taɓa zama ɗan takara ba.

Akawu ya kulle ofis ya bi ta lungu. Duk babur ɗin da ya rage gudu a bayansa sai ya raɓe jikin bango. Ya tuna direban da ya taɓa goge wa attajirin mota da bango. Har yau mutumin a karkace yake tafiya.

A tsakar gida ya tarar da surukarsa, tsohuwar shugabar makaranta, a kan tabarma tana karanta jarida.

"Ka dawo da wuri. An kore ka ne?"

"A'a, Mama."

"Da saura ke nan. Takardun karatuna da na ba ka ka yi mini kwafi fa? Wata huɗu."

Ya shige ɗaki. Matarsa ta biyo shi. "Baban yara, lafiya? Gumi kake kamar an tsamo ka daga rijiya."

"Haɗa mana kaya. Marasa nauyi."

Wayarsa ta yi ƙara sau goma sha ɗaya, duk shugaba ne. Ya kifa ta, ya ɗora mata matashi. Bai gama neman takalminsa ba sai ga jiniya ta shigo layin, ta tsaya daidai ƙofarsu. Aka bubbuga ƙofofin motoci, ya ƙirga har bakwai. Ya duba ƙarƙashin gado, ya ga akwatuna sun riga shi.

Ya fito, ya durƙusa a gaban sufeton 'yan sanda, ya miƙa hannuwa biyu. "Ranka ya daɗe, ni ne. Don Allah ku bar iyalina."

Sufeto ya dube shi, ya kewaye shi kamar turmi, ya ƙame a gaban tabarma ya sara wa surukar.

Da tsakar ranar nan hukuma ta bayyana surukar akawu a matsayin sanata, da ratar ƙuri'a dubu arba'in, ban da tata, don ranar zaɓe ta ce ba za ta ɓata yatsanta a kan marasa tarbiyya ba.