Gidan da Duk Kano Ta Leƙa

A shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa ya san gidan su Sa'ida na Ƙofar Mazugal, domin a cikinsa ake ɗaukar wasan talabijin.

Mika'ilu, saurayin Sa'ida, ya tsaya a zaure yana murza hularsa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Baffana ya ƙi zuwa nema mini aurenki. Wai maza sun shiga har ɗakin Innarki, duniya ta ga gadonta."

Sa'ida ta daɗe tana kallonsa.

"Ka gaya masa kai ka durƙusa nan kana roƙon Baba ya yarda a ɗauki wasan a gidan nan? Kai ka riƙe kyamarar?"

Ya sunkuyar da kai. "Na kasa."

"To, daga yau iyakarka ƙofar gida."