Fitilar Ƙarƙashin Kabad

Sharhabilu na kan tsani yana ɗaura ƙwan sola a tsakiyar silin, Ramlat ta shigo kicin ɗin, gwaggonta Turai na biye da ita. Kwana uku ke nan da kawunta ya maido wa Sharhabilu da goron neman aurenta, wai ba ya ba mai gyaran wuta 'ya.

"Sauko da shi," in ji Ramlat. "Wanda bai taɓa girki ba ne yake sa ƙwai a nan. In na tsaya yanka albasa, inuwata ce za ta rufe wuƙar. Siririyar fitilar nan nake so a ƙarƙashin kabad."

Ya kalle ta, ya yi saurin kawar da kai. "Ban zo da ita ba. Kuma jibi zan bar Batsari, na samu aiki a Katsina."

"To ka dawo gobe. Ka zo da ita, ka zo da kawunnanka."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ke Ramlat! A gabana?"

"A gabanki, Gwaggo, don ki kai wa Kawu yadda na faɗa. Bazawara ce ni, da bakina za a tambaye ni. Shi nake so."

Sharhabilu ya kwance ƙwan. Sannan ya sauko, ya zaro tef daga aljihu.

"Gwaggo, ɗan matsa mani in auna kabad ɗin."

Gwaggo ta ja tsaki, ta matsa.